Daga Sakkwato zuwa ƙolin Chappal Waddi: yadda za ku tsara tafiyar

Tambaya

Assalamu alaikum. Mu biyar ne daga nan Sakkwato, maza huɗu da uwargidan ɗaya daga cikinmu, dukanmu ma'aikata, shekarunmu tsakanin 30 da 45. Mun ƙudura niyyar hawa Chappal Waddi, dutsen da aka ce ya fi kowane tsawo a Najeriya, a hutun kwana goma da za mu samu. Babu wanda ya taɓa hawan dutse a cikinmu, iyakarmu ƙwallon yamma da tattakin safe. Wane wata ya fi dacewa, ta ina za mu bi, me za mu ɗauka, kuma akwai haɗari? Ɗayanmu yana fama da ciwon gwiwa jefi-jefi. Allah ya ƙara basira.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, za ku iya, in Allah ya yarda. Chappal Waddi ba irin dutsen da ake hawa da igiya da ƙugiya ba ne. Tafiyar ƙafa ce a kan tuddai masu ciyawa, sai dai doguwa ce, kuma hawa da gangara ba sa ƙarewa. Tsawonsa mita 2,419 ne sama da teku, bai kai inda ƙarancin iska ke kwantar da lafiyayyen mutum ba, domin wannan matsalar takan fara tsananta ne daga wajen mita 2,500 zuwa sama. Abin da ke kayar da mutumin Sakkwato a can abu huɗu ne: sanyi mai laima, ƙafar da ta yi bororo, gwiwa a wajen saukowa, da ƙididdigar kwanaki da ba ta fita ba. Duka huɗun a gida ake maganinsu, tun kafin a ɗaura jaka.

Dutsen yana kan iyakar Najeriya da Kamaru, a gefen kudu na Gandun Dajin Ƙasa na Gashaka-Gumti. Gandun shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. An kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe gandayen Gashaka da Gumti, ya kuma ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Ɓangaren Gumti na arewa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, duwatsun da kurmin suna ɓangaren Gashaka. Hedikwatarsa tana garin Serti a Taraba, kuma daga nan komai ke farawa: izinin shiga, biyan kuɗi, da jami'in da zai raka ku. Tun 2017 hukumar gandayen dajin ƙasa take tafiyar da shi tare da gidauniyar Africa Nature Investors. Kada ku yarda da wanda zai ce muku ya san hanyar da ba sai an bi ta ofis ba. Dajin yana da mafarauta na sata da masu haƙar ma'adinai da masu saran itace ba bisa ƙa'ida ba, kuma jami'an gandun ne suka san inda ake da matsala a wannan makon da inda babu.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce a shiga ta cikin gandun, a haye Kogin Kam zuwa ƙauyen Gashaka, a ratsa kurmi a hau tsaunuka sannu a hankali. Ita ce ta fi kyan gani, amma tana cin mako guda ko fiye da ƙafa, ba taku ba ce a wannan karon. Ta biyu ita ce a zagaya ta tsaunin Mambilla: daga Serti a bi kwalta zuwa Mayo Selbe, a hau wannan hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe zuwa Nguroje, daga nan a hau babur zuwa Njawai, sannan a fara takawa. Amfaninta shi ne mota ta riga ta ɗauke muku fiye da rabin hawan, tunda tsaunin Mambilla kansa ya kai kimanin mita 1,600. Ku ware wa wannan hanyar kwana uku na tafiyar ƙafa, zuwa da dawowa. Akwai masu yin ta a kwana biyu, amma ba masu hawan farko ba.

Sai wata. Damina a wannan yankin ba irin tamu ba ce ta wata uku zuwa huɗu. Ruwa kan sauka tun wajen Afrilu ya kai Oktoba, wani lokacin har ya leƙa Nuwamba, kuma yawansa ya ninka na Sakkwato fiye da sau biyu. A cikin waɗannan watanni koguna sun cika, hanyar babur ta zama taɓo, gajimare ya rufe ƙolin. Ku cire su daga lissafi. Abin da ya rage shi ne Disamba zuwa farkon Maris, kuma kowane yanki na wannan lokaci da nasa hali. A farkon Disamba sararin sama garau yake, ana hango nesa, amma ciyawa na da tsawo, raɓar safe tana jiƙa wando har cinya, rafuka ba su gama janyewa ba. Daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu sanyin dare ya fi tsanani, hazon hunturu kan toshe hangen nesa, kuma lokacin ne makiyaya ke cinna wa tsohuwar ciyawa wuta don sabuwa ta tofo, sai a kula da inda ake kafa tanti. A Fabrairu hanya ta buɗe, ruwa ya ja baya, amma Serti da kwaruruka sun fara zafi. Mu dai mun fi karkata ga tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu don masu hawan farko, saboda ƙasa a bushe take, santsi ya yi ƙaranci. Ku duba kalanda kuma: a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a wajen Fabrairu da Maris, yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara. Tafiyar da ake shan ruwa lita uku zuwa huɗu a yini ba ta haɗuwa da ƙishin azumi.

Yanzu ku ɗauko takarda mu ƙirga kwana goman nan. In da mota ce, daga Sakkwato ta Gusau da Zariya, a ɓulla Bauchi da Gombe da Numan zuwa Jalingo, kwana biyu ne cur, tunda ba za ku yi tafiyar dare ba, musamman a hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Jalingo zuwa Serti ta Bali wani yinin ne. Yini na huɗu ya tafi wajen ofis da hawa Nguroje. Uku a dutse, sun zama bakwai. Dawowa daga Nguroje zuwa gida aƙalla uku, ga goma cif, ba tare da ranar hutu ko ɗaya ba, ba kuma ranar da za a ce mota ta lalace ko hazo ya hana hawa. Tsarin da ba shi da rarar kwana shi ke sa mutane su dage sai sun hau a ranar da bai kamata ba. Mafita ɗayan biyu ce: ko ku nemi ƙarin kwana biyu, ko ku yi aƙalla ɓangare ɗaya na tafiyar a jirgi, daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, daga can zuwa Yola ko Jalingo. Jiragen Jalingo ba su da yawa kuma jadawalinsu kan sauya, don haka kada ku ɗaura dawowarku aiki a kan jirgin rana ɗaya tak.

Wata guda kafin tashi ku tuntuɓi ofishin gandun. Ku faɗa musu yawanku, ranakunku, da hanyar da kuke so. Ku nemi su rubuto muku kuɗin shiga, na kwana, na jami'in rakiya, da na ɗaukar hoto in akwai, domin farashin yana sauyawa. Ku tambayi ko suna bayar da hayar tanti. Mako guda kafin tashi ku sake kira ku ji halin tsaro da halin hanya. In sun ce a dakata, a dakata.

To, mu zo kan jiki, wanda nan ne aikin yake. Ƙwallon yamma tana ba da numfashi, amma ba ta koya wa ƙafa ɗaukar kaya na sa'a shida, washegari kuma a sake. Kuna buƙatar mako takwas. A mako biyun farko ku yi kilomita biyar sau uku a mako da takalmin da za ku tafi da shi. Daga mako na uku ku goya jaka mai kilo biyar, kuna ƙara kilo ɗaya duk mako har ta kai tara ko goma. Galan ɗin ruwa ya fi komai sauƙin awo, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ranar Asabar ku yi doguwar tafiya, daga kilomita takwas har ta kai sha biyar, kuma a mako ukun ƙarshe ku maimaita ta ranar Lahadi, don jiki ya san tashi da gajiyar jiya. Ku fita bayan sallar asuba ku dawo kafin rana ta yi zafi. Rairayin bakin gulbi, kamar wajen Kwalkwalawa in ruwa ya janye, yana ƙarfafa idon sawu.

Matsalar ita ce Sakkwato ba ta da tudun kirki, birnin bai wuce mita 300 sama da teku ba. Matakala ce za ta maye gurbin dutse, ko ta filin wasa na Giginya in an ba ku dama, ko ta benen wajen aikinku. Bene ɗaya kusan mita uku ne, ke nan hawan mita 600 a dutse daidai yake da hawa bene 200. Ku fara da minti 15, ku kai minti 45, sau biyu a mako, da jaka a baya. Kuma ku sauko da ƙafa, a hankali, domin saukowar ce maƙasudi. A wajen gangara naman gaban cinya yana riƙe nauyin jiki ne yana kuma miƙewa a lokaci guda, wannan ke yi masa ƙananan raunuka, shi ya sa ciwon ba ya bayyana sosai sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Cinyar da ba ta saba ba sai ta gaji ta sakar wa gwiwa dukan nauyin. Abokinku mai ciwon gwiwa ya ga likita tun yanzu, ba ana saura mako ɗaya ba. In an ba shi izini, ya riƙa tsayawa a kan matakala ɗaya yana sauke ƙafa ɗaya ƙasa a hankali yana dawo da ita, sau goma kowace ƙafa, zagaye uku. A dutse ya riƙe sanda biyu, ya taƙaita taku, ya bi gangara a karkace maimakon miƙe, kuma ɗan dako ya ɗauki kayansa duka. In gwiwar ta kumbura a lokacin atisaye, ya haƙura da ƙolin, ya tsaya a zango.

Takalmi ya fi tanti muhimmanci. Ku nemi sau-ciki mai rufe idon sawu, mai ƙasan roba da zane mai zurfi. Ku gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ku sa, kuma ya zama akwai sararin faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. In babu wannan sarari, a gangara yatsu za su yi ta dukan gaba har farce ya yi baƙi ya fita. 'Yan gwanjo a babbar kasuwa sukan samu masu kyau da araha, amma akwai abin lura: takalmin da ya daɗe a ajiye gam ɗinsa ya mutu, sai a yini na biyu ƙasansa ya ɓalle ya bar mutum da fata. Kafin ku fara atisaye ku kai wa mai ɗinkin takalmi ya zagaye shi da zare mai ƙarfi. Sabon takalmi da ba a taka aƙalla kilomita 50 da shi ba, kada ya bi ku.

Bororo daga abu uku yake fitowa, guga da zafi da laima. Ku yanke farce kwana biyu kafin tafiya. Ku sa safa biyu, siririya a ciki da mai kauri a waje, don gugar ta faɗa tsakanin safa da safa. Da zarar wani ya ji wuri ɗaya a ƙafarsa yana ɗan zafi, ko da an fara tafiya da minti ashirin ne, a tsaya, ya cire takalmi, a busar da wurin a manna filasta mai faɗi. Kunyar tsayar da ayari ita ke mayar da ɗan ja zuwa gyambo. In ya riga ya yi ruwa kuma ba ya hana taku, a rufe shi kawai. In babba ne, a huda gefensa da allurar da aka ƙona, a matse ruwan, a bar fatar a kai. Basilin ko man kaɗe a matsematsi da hammata yana hana saɓewa.

Sanyi kuma. Mun san Basakkwace zai ce ai ya san ɗari. Ɗarin gida busasshe ne, kuma akwai ɗaki. Iska tana yin sanyi da kimanin digiri shida da rabi a duk hawan mita 1,000, wato ƙolin ya fi gari kamar Sakkwato sanyi da wajen digiri 13 ko 14, kafin a sa kaɗawar iska da raɓa a lissafi. Dare a zangon sama kan sauka ƙasa da digiri 10. Abin da ke cutarwa shi ne mutum ya hau da gumi sharkaf cikin rigar auduga, ya tsaya hutawa, iska ta buge shi. Auduga tana riƙe ruwa ba ta saki, saboda haka shadda da yadi da wandon jins su zauna a gida ko a masaukin Serti. A jikin fata ku sa rigar ƙwallo, irin ta roba mai saurin bushewa, a kanta suwaita, a waje rigar ruwa mai hula wadda ke tare iska. Ana cirewa in an fara hawa, ana mayarwa da zarar an tsaya, kafin a ji sanyin. Ku ƙara da hular sanyi da safar hannu. Kowa ya ƙulle kaya saiti ɗaya a cikin leda biyu, ba a taɓa su sai dare, ko da na rana sun jiƙe. Da dare ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki fiye da iska, don haka tabarma kaɗai ba ta isa ba, sai da siririyar katifar soso a ƙarƙashin bargon nan mai zif da ake shiga ciki. In kun ga wani yana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, magana tana harɗe masa, yana tuntuɓe, ko ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, sanyi ya shige shi. A tsaya nan take, a sauya masa kayan da suka jiƙe, a lulluɓe shi har kai, a ba shi shayi mai zafi da sukari in yana iya haɗiya.

Ga Hajiya, dogon hijabi yana kama ƙaya kuma yana ɓoye mata inda take sa ƙafa a gangara. Wanda ya tsaya a ƙugu, da riga zuwa gwiwa da wando mai faɗi, ya suturta kuma bai hana taku ba. Ita da maigidanta su samu tantinsu daban.

Kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, mai kilo 70 ke nan iyakarsa 14. Ga masu hawan farko ma wannan ya yi yawa. Ku ɗauki 'yan dako daga ƙauyen da za ku fara takawa, kowannenku ya rage da kilo shida ko bakwai: ruwa, rigar ruwa, suwaita, abin taɓawa, tocila. Kada a ɗora wa ɗan dako fiye da kilo 20, kuma a gama ciniki a gaban jagora kafin a ɗaga kaya: nawa a yini, wa zai ciyar da shi, a ina zai kwana. Nan ne ake yawan yin kuskuren abinci. Ku biyar ne, amma da jami'ai biyu da 'yan dako uku kun zama goma. A kan busasshen abinci gram 700 ga kowane mutum a yini, na kwana huɗu har da na rara, kilo 28 ke nan. Ku taho da kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino da dakuwa daga gida, sauran kamar shinkafa, taliya, garin kwaki, sukari, madarar gari, ganyen shayi, mai da albasa ku saya a Serti ko Nguroje. Wake kada ya shiga jaka: a wannan tsawo ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 92, sai ya cinye muku itace da lokaci bai nuna ba. Ku riƙa jefa wani abu a baki duk sa'a guda, ba sai yunwa ta kama ba.

Ruwan ƙoramun dutse yana da sanyi da haske, amma shanu suna kiwo a samansa. Ko dai a tafasa shi, minti ɗaya a ƙasa, minti uku in an haura mita 2,000, ko a jefa ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin fakitin a jira minti 30. In ya gurɓace a fara tace shi da ƙyalle mai tsabta. Da yake ana cikin sanyi ƙishi ba ya damun mutum, sai ya manta da sha har kai ya fara sara. Launin fitsari ne ma'auni, in ya yi duhu a ƙara sha. Ku riƙe fakitin gishiri da sukari na asibiti don gudawa. In ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Don sanin tsawon yini akwai tsohon lissafi da wani ɗan Sikotlan mai suna William Naismith ya fitar a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita biyar, da ƙarin sa'a ɗaya ga kowane hawan mita 600. Misali, kilomita 12 da hawan mita 900 ya kama kusan sa'a huɗu. Wannan na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa, ku ƙara rabinsa a kai saboda kaya da hutu da salla, ya zama shida. Ku tashi tun hantsi bai yi ba, mafi rauni a gaba bayan jagora, mafi ƙarfi a baya, ba mai wuce wani ya ɓace wa gani. Saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya magana ba tare da haki ya yanke masa zance ba. Sannu-sannu kwana nesa. A ranar hawa ƙoli ku yanke lokacin juyowa tun a zango, a ce ƙarfe ɗaya na rana, kuma in ya cika a juyo ko da ana hango ƙolin. Rana tana faɗuwa da wajen ƙarfe shida da 'yan mintoci, duhu kuma ba ya jira.

In hazo ko gajimare ya rufe ku, ku taru wuri guda ku jira maganar jagora. Doron tuddan suna kama da juna, turbobin shanu sun rarrabu ko'ina, kuma kuna bakin iyaka, kuskuren kwari ɗaya sai mutum ya tsinci kansa a Kamaru. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa a jikinsa, zai ma yi amfani a shingayen hanya. In kun ji tsawa ta biyo walƙiya cikin ƙasa da daƙiƙa 30, hadarin bai fi kilomita goma daga gare ku ba, ku sauka daga doron dutse, ku nisanci itacen da ke tsaye shi kaɗai. Wajen haye rafi kada a cire takalmi, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara da sanda. Ruwan da ya haura gwiwa kuma yana gudu ba a shigarsa.

Akwai abin da tambayarku ba ta taɓo ba amma ya fi ciwon gwiwa nauyi. Duk mai cutar sikila kada ya yi wannan tafiya sai da yardar likitansa, domin sanyi da ƙishi da gajiya da raguwar iska su ne ainihin masu tayar da ita. Ko mai AS ya faɗa wa likita, kuma in ya ji ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu a kan dutse, a sauko da shi. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya ɗauki maganin da ya fi kwanakin tafiyar, a jikinsa, ba a kayan ɗan dako ba. Wanda bai yi allurar rigakafin zazzaɓin shawara ba ya yi ta aƙalla kwana goma kafin tashi, sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A kwarurukan gandun akwai ƙudan tsando, wanda shuɗi da baƙin tufafi ke janyowa, da ƙananan baƙaƙen ƙudajen bakin kogi masu kawo makanta. Dogon hannu mai launin ƙasa da man korar ƙwari su ne kariya. Duk dare a duba jiki saboda kaska. Ku guji wanka a ruwan da ke kwance saboda tsargiya, a manyan koguna kuma akwai kada da dorina.

Maciji yakan kauce in ya ji motsi, ban da kasa, wadda ke lafewa a kan turba ba ta gudu. Ba a fita da dare ba tocila ba takalmi, kuma a zazzage takalmi da safe kafin a sa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da karan itace kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutumin, a nufi asibitin da ke da allurar dafi. Ku tambayi ofis tun a Serti wane asibiti ne mafi kusa da ke da ita.

Salla ba ta zama matsala. Tafiyarku ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, muddin ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. Ku tabbatar da alƙibla da rana tun kafin hazo, kuma in za a yi alwalar asuba a zangon sama a ɗan ɗumama ruwan.

Kuɗi ku riƙe tsaba, ƙananan takardu, a raba a jikin mutum biyu ko uku. Bayan Nguroje kada ku dogara da mai POS ko tiransifa, sabis ɗin waya zuwa yake yana ɗaukewa. Kasafinku ya ƙunshi sufuri, masauki a hanya, kuɗin gandu, jami'ai, babura zuwa da dawowa har da na masu rakiya, 'yan dako, abinci, da ihsani, sannan ku ɗora kashi 20 cikin ɗari a kai don abin da ba a zata ba. Sanyi yana shanye batir, ku kwana da waya da abin cajin tafi-da-gidanka a cikin bargo. Ku bar wa wani a gida jadawalin tafiyar da lambar ofishin gandun, da ranar da in bai ji ku ba zai fara kira.

A kan tsaunukan akwai rugage da ƙauyukan da suka riga gandun zama. Fulatanci ne harshen hulɗa, ko da yake ana jin Hausa, in akwai mai jin Fulatanci a cikinku kun huta. Ku fara da gaida Jauro ko Arɗo kafin ku kafa tanti, da ɗan goro ko sukari da ganyen shayi a hannu, kuma kada a ɗauki hoton mace ko garke ba tare da izini ba. Shararku ku dawo da ita, bayan gida a haƙa rami nesa da ruwa a binne. Kada ku sa ran ganin manyan namun daji ta wannan hanyar, shanu da tsuntsaye za ku fi gani. Gandun yana da nau'in tsuntsaye sama da 500, amma ɓauna da gwaggon biri da birin nan cimfanzi da aka fara bincike a kansa a kurmin Kwano a shekarar 2000 suna ɓangaren ƙauyen Gashaka ne. In rarar kwananku ba ta ƙone ba, ku kashe ta a can.

Bayan kun dawo Sakkwato, ciwon cinya na kwana uku zuwa huɗu ba abin damuwa ba ne. Amma duk wanda zazzaɓi ya kama cikin makonnin da suka biyo baya, ko ya ga jini a fitsari, ko wurin cizon ƙuda ya kumbura ya ƙi warkewa, ya je asibiti a yi masa gwaji, ya kuma faɗa wa likita a fili cewa daga dajin Gashaka ya dawo da kuma ranar da ya fito.